Baturan da Kawu Ya Shanya

In dai abu ya shafi wuta da waya, ba na shakkar kowa. Ka kawo mini rediyo ko rikoda ko wayar hannu da ta ƙi tashi, kafin ka gama ba ni labarin yadda ta faɗa ruwa na riga na san inda ciwon yake. Shekara goma sha tara na yi a wani ɗan shagon gyara a unguwar Sharafiyya ta Jidda, kuma ban tuna ranar da wani ya dawo mini da aiki yana ƙorafi ba. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da tsoho ɗaya da batura takwas suka kusa mayarwa sakarai.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Hindawiyya na tashi. Tsohon da nake magana a kansa kawuna ne, yayan Umma. Ya zo aikin Hajji tun ina rarrafe, ya sauke farali, ya ce zai ɗan huta kafin ya koma gida. Hutun nan ne ya kai shi shekara talatin da wani abu. Bai taɓa mallakar iƙama ba, wato takardar izinin zama. Ya yi dako, ya yi gadi, daga ƙarshe ya samu aikin kula da awakin wani Balarabe ɗan fansho, can gabas da Jidda cikin duwatsu, tafiyar awa guda a mota. Awaki kusan ɗari ne a cikin shingen waya, sai tankin ruwa, sai ɗaki ɗaya na bulo mai rufin kwano, babu wutar lantarki. Shekara goma sha ɗaya Kawu ya yi a wurin, daga shi sai rediyonsa. Injiniya yake kirana, rabi yabo rabi zolaya, kuma kullum sai ya ce Hausata ta sha Larabci har ta ƙoshi.

A shekarar da ta biyo bayan babbar ambaliyar Jidda, da zafi ya kankama, 'ya'yan awaki suka fara ɓata. Ɗaya a mako, wani makon biyu. Babu jini, babu fata, ƙasar wurin kuma tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu. Kawu yakan ƙirga su da safe lokacin zuba musu abinci, sai ya tarar da giɓi. Kowa ya ɗauka da dare ake ɗauka, har da ni.

Mai garken ba mugun mutum ba ne, amma yana da kunne. Wani ya raɗa masa cewa ai Hausawa ne masu gasa tsire a garin nan, ya tambayi kansa inda suke samun nama mai taushi haka. Direban motar ruwa ya kwaso maganar ya kawo ta Hindawiyya, kafin mako ya zagayo ta shiga masallacin unguwarmu. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma in na shigo sai hira ta canja. Umma ta daina cin abincin kirki. Da Juma'a ta zo, ranar da ba na buɗe shago sai bayan la'asar, na yi sallar asuba na kama hanya.

Na tarar da Kawu a bakin ƙofarsa yana dafa shayi. Sai da na yi sallama sannan ya ɗago ya ce, "Injiniya ne?" Muka gaisa, na zauna, na tafi kai tsaye ga abin da ya kawo ni.

"Ya khali, kawuna, in mutumin nan ya kira 'yan sanda, halas, magana ta ƙare. Tarhil ne kai tsaye, su sa ka a jirgi su mayar da kai gida."

"Tarhil ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Jirgi ne na kyauta. Abin da ba na so shi ne in sauka a gida a ce ga wanda ya yi shekara talatin a ƙasa mai tsarki ya dawo da sunan ɓarawon akuya. Ina da 'ya'ya a can, ina da jikokin da ban taɓa gani ba. Wannan sunan za su gada."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, nan da mako ɗaya zan kawo masa ɓarawon a hoto. Da buga ƙirji na faɗa, domin na san abin da na taka.

Akwai wata kyamara a shagona da wani mai sha'awar farauta ya kawo gyara, daga baya ya ce in riƙe, ya sayi sabuwa. Irin wadda ake ɗaurewa a jikin bishiya ce a daji a tafi a bar ta. Akwati ce 'yar ƙarama mai launin ƙasa, duk abin da ya gifta ta gabanta sai ta ɗauke shi, ta rubuta rana da lokaci a ƙasan hoton. Da rana hotonta mai launi ne, da dare baƙi da fari. Batura takwas take ci, ƙanana masu tsawon yatsa. Abin da ya kashe ta tun farko batir na yarwa ne, wanda ya yi zafi a cikinta ya tsiyayar da ruwansa ya cinye ƙarafunan da yake taɓawa. Na kankare, na canja abin da ya kamata, ta tashi. Tun daga nan na yanke cewa ba abin da zai ƙara shiga cikinta sai batir mai caji.

Batir mai caji yana da halinsa, kuma na san halin nan kamar yadda na san na Umma. Ko ya cika fal, kyamara za ta nuna maka kamar rabi ne, saboda ƙarfinsa bai kai na yarwa ba a mita. Wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace. Amma shi ba ya raguwa a hankali kamar ɗan'uwansa, yana riƙe ƙarfinsa daram har sai ya zo ƙarshe, kuma hasken dare da kyamara ke fitarwa ba ya gajiyar da shi da wuri. Sharaɗinsa biyu ne. Kada ka haɗa tsoho da sabo, kuma kada ka bar shi cikin zafi, domin zafi yana tsiyaye masa caji ko ba a amfani da shi. Na sayi saiti biyu, takwas takwas. Na ɗiga wa saiti ɗaya jan fenti, ɗayan shuɗi, don kada su gauraya. Na yi musu caji, na gwada kowanne a mita, na zuba su a kular ruwan sanyi don kada zafin mota ya taɓa su.

Juma'a ta gaba na ɗaure kyamarar a jikin wani ginshiƙi, tana kallon ƙaramin shingen da ake ware 'ya'yan awaki, ƙofar ɗakin Kawu kuma tana can baya a gefen hoto. Mai garken yana tsaye yana kallona, hannu a baya. Na nuna wa Kawu yadda ake buɗe ta, don kawai ya san abin da ke ciki.

"Waɗannan masu caji ne, Kawu. Ba a yar da su. In sun yi sanyi a sake cika su. Yau ja ne a ciki, mako mai zuwa in kawo shuɗi."

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya ce, "Ni duk iri ɗaya na gan su." Na yi dariya, na ɗauka zolayarsa ce ta kullum.

Lissafina shi ne saiti ɗaya zai yi wata guda ba tare da ya nuna gajiya ba. Da na dawo bayan kwana bakwai na sa su a mita, sai na tarar saura ƙiris su mutu. Na zare katin hotuna na sa a kwamfutata. Hotuna ɗaruruwa, idanun awaki suna ƙyalli cikin duhu, wata yanyawa ta zo ta shinshina waya ta wuce, sai gemun Kawu da ya cika hoto kusan kowace safiya. Na ce tsoho yana leƙa abin mamaki ne. Kwanan watan ma duk ya rikice, kowace rana sai ya koma ranar farko ta shekarar da aka ƙera kyamarar. Na ce wannan ciwon tsufa ne na kyamara, ba zai hana aiki ba. Matsalar ita ce a cikin makon an rasa ɗan akuya ɗaya, kuma babu shi a hoto.

Mai garken ya duba hotunan tare da ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tayyib. Kyamararka ta ga wani ya shigo daga waje?"

"Ba ta gani ba, ya ammi."

"To ke nan daga ciki ne."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalli Kawu ba. Ni da na kawo kyamara don in wanke kawuna, sai ga shi na kawo masa shaida a kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da yake ba na iya zargin kaina da wuri, sai na zargi batura. Na sa shuɗin saitin, na roƙi ƙarin mako, na koma gari. Washegari na je wurin mai shagon da ya sayar mini da su, a layinmu yake, na zube masa jajayen a kan tebur na ce jabu ya ba ni. Ya rantse, na rantse, maƙwabta suka taru suka raba mu. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a ranar.

Mako na biyu ya fi na farko muni. Shuɗin saitin bai ma kai ƙarshen mako ba, kyamarar ta mutu tun wajen Laraba, kuma an sake rasa ɗan akuya. Mai garken ya ja ni gefe ya ce saboda shekarun da suka yi tare ba zai kira kowa ba tukuna, amma Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In babu ɓarawo a hoto, shi ya san abin da zai yi. Na mayar da jajayen da na sake cikawa, na kwaso shuɗayen. A hanyar dawowa ko rediyon mota ban kunna ba.

Ranar Asabar na zauna a teburin aikina na jera shuɗayen nan takwas a ƙarƙashin fitila, na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wato in dube su da ido maimakon mita. Ledar da ke jikinsu ta koɗe, ta yi tamoji, amma ta gefe ɗaya kawai. Ɗaya gefen kuma akwai ɗan layin tsatsa a jikin kowanne. Batirin da ke rufe cikin akwati ba ya koɗewa, rana ba ta ganinsa, kuma babu tsatsa a cikin kyamarar da ni da kaina na kankare. Na koma kan hotunan na bi su a jere. Dare, dare, wayewar gari, gemun Kawu, sai kuma yamma. Babu hoto ko ɗaya na tsakar rana, a cikin mako biyu, a garken da awaki ba sa daina motsi. Kwanan wata kuwa ba ya komawa farko sai in an raba kyamara da wuta. Wani yana cire baturan kullum, kuma mutum ɗaya ne a wurin.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini mummunan abu. Na yi minti kusan biyar ina tunanin ko mai garken ne yake da gaskiya. Har yau ina jin kunyar minti biyar ɗin nan.

Na sayi sabon saiti na uku a wani shagon dabam, na cika su. Ranar Lahadi na rufe shago da hantsi, ban gaya wa kowa ba, na kama hanya. Rana tana tsaka na isa. Na ajiye mota daga nesa na taka da ƙafa. Kyamarar tana nan a ginshiƙinta, cikinta wayam. A gefen ɗakin Kawu akwai wani tsohon kwano mai tsatsa da aka ɗora a kan bulo biyu, a kansa kuwa ga jajayen baturana takwas an jera su reras cikin rana, kusa da manyan batura biyu na rediyonsa. Na kai hannu na ɗauki ɗaya, sai da na yar da shi don zafi.

Zuciya ta ɗebe ni. Na faɗa ɗakin ko sallama ban yi ba.

"Kawu, wa ya ce ka taɓa? Wallah mako biyu ina hauka, na yi faɗa da mutumin da bai yi mini komai ba, ashe kai ne kake gasa mini batura kamar tsire."

Yana zaune a kan tabarma. Bai motsa ba, sai da na gama sannan ya ce, "Wa alaikumus salam, Injiniya."

Na tsuguna, na gaishe shi yadda ya kamata.

"Ba gasawa nake ba," in ji shi. "Shanya nake. Tun kafin a yaye uwarka muke shanya batir a garinmu. In ya yi sanyi ka sa shi a rana, da yamma ya tashi. Rediyon nan da ka gani, da haka nake jin labarin gida shekara da shekaru. Kai da bakinka ka ce masu caji ne, in sun yi sanyi a sake cika su. Nan babu wuta, kai kuma kana nesa. Sai na ce bari in taya ka, su kwana da ƙarfinsu."

Gaskiyarsa ta wani gefen. Batir na yarwa in ya ji ɗumi yakan ɗan farfaɗo, ya ba ka rabin awa na labarai kafin ya sake kwanciya. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya ga batir a kan katanga ko a kan rufi, ni ma na gani a gidanmu. Na yi masa bayani cewa waɗannan ba haka suke ba, rana ba ta ƙara musu komai, kwashe abin da ke cikinsu take yi, ta kuma rage musu kwana. Ya saurara yana gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba amma ba ya son musu. Ni kuwa fushina ya riga ya tafi. Ina ta hango shi kowace safiya yana hawa bulo, yana ciro batura takwas, yana jera su, da la'asar kuma ya mayar da kowanne daidai, bai taɓa juya ko ɗaya ba. Duk don ya taimaki kyamarar da za ta wanke shi. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

"To amma Kawu, duk yini kyamarar a kashe take ke nan."

"Ɓarawo ai da dare yake zuwa. Da rana me za ta gani, in ba ni ba?"

Nan na tsaya. Wa ya ce da dare yake zuwa? Ba wanda ya gani. Da safe ake ƙirga, shi ya sa muka ce dare. In an ɗauki ɗan akuya bayan ƙirgar yau, ba za a sani ba sai gobe da safe. Mako biyu kyamarata tana gadin dare, kuma ta faɗi gaskiya, ba abin da ya shigo. Yini ne ba wanda ya taɓa dubawa.

Na sa sabon saitin, na gyara rana da lokaci, na yi wa kyamarar 'yar rumfa da guntun katako don kada rana ta buge ta. Sannan na naɗe murfin da waya na sa ƙaramin kwaɗo, na jefa makullin a aljihuna. Kawu ya ji ƙarar kwaɗon ya ce, "Yau kuma ni ake kulle wa abu." Na ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya khali, kwana biyar ne." Jajayen kuwa na bar masa, na ce ya shanya su yadda ransa yake so, sun riga sun zama nasa.

Ranar Juma'a na riga mai garken isowa da kusan awa guda. Kawu ya ce an rasa ɗaya, ranar Laraba da safe ya lura. Na buɗe kwaɗon, na fara gwada baturan, don hali ba ya barin mutum. Ko gezau ba su yi ba, kamar jiya na sa su. Na zauna a inuwar ɗaki na buɗe kwamfuta, na wuce dare, na shiga hotunan Talata da rana.

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ga ta. Wata karya ce fara-fara, ramammiya, nonuwanta sun zubo, da gani tana shayarwa a wani wuri cikin duwatsu. A hoto na farko ta tura kai ta ƙarƙashin waya, daidai inda ɗigar tanki ta tausasa ƙasa. Wayar tana ɗagawa ne ta koma kamar labule, shi ya sa na zagaya wurin sau uku ban ga rami ba. A hoto na biyu ɗan akuya yana bakinta, ta kama shi ta maƙogwaro. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, har na buɗe baki zan kira Kawu. Sai na danna na uku.

A na ukun ta fito, ta bi ta gaban ɗaki. Kawu yana zaune a bakin ƙofa, rediyo a kunne, fuskarsa tana kallon inda take sak. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba, da rana tsaka, ga ɗan akuya yana reto a bakinta. Idanunsa a buɗe suke.

Sai komai ya dawo mini. Yadda ba ya gane ni sai na yi magana. Yadda ya ce ja da shuɗi iri ɗaya ne. Yadda yake ƙirga 'ya'yan awaki da hannu, yana dafa bayan kowanne. Na ɗago na dube shi. Yana zuba mini shayi, ya sa ɗan yatsa a bakin kofin don ya ji in ya cika. Ni da nake gane ciwon rediyo daga bakin ƙofa, kawuna yana makancewa a gabana ban gani ba.

Yatsana yana kan maɓallin gogewa. Hoto biyu sun isa su wanke shi. Na ukun ba abin da zai yi sai ya raba shi da aikinsa, domin ba mai barin awaki ɗari a hannun wanda karya take wucewa ta gabansa.

"Ka yi shiru, Injiniya. Me ka gani?"

"Karya ce, Kawu. Ta ƙarƙashin waya take shiga, wajen tanki. Da hantsi."

"Alhamdu lillahi." Ya ajiye butar. Can ya ce, "Da hantsi ina bakin ƙofa. Ta ina take fita?"

Na mayar da idona kan hoto na uku.

"Ta gabana ke nan," in ji shi.

"Kawu, hoto uku ne. Biyu sun isa. Na ukun ba sai ya gani ba."

Ya daɗe yana juya kofi a hannunsa. Sannan ya ce, "Shekara biyu ke nan nake ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi. Na ɓoye, na ce ai na san awakin nan da murya. Dabbobin mutum sun tafi saboda ɓoyon da na yi. Ban sata ba, amma wannan kam nawa ne. Ka nuna masa duka ukun."

Da mai garken ya iso na juya masa kwamfutar. Ya kalli na farko, ya kalli na biyu, ya ce la haula. A kan na uku ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya je inda Kawu yake zaune, ya sunkuya ya sumbaci kansa. "Samihni ya Hajj, ka yafe mini. Na zalunce ka." Ya ce Kawu ya zauna a ɗakinsa har iyakar ransa, zai kawo wani ya riƙa aikin. Kawu ya yi masa godiya, ya ce ya yafe, amma gadi na mai ido ne. Ya yi mako biyu yana nuna wa sabon ma'aikaci halin kowace akuya, ni kuma na binne ƙasan wayar da bulo, sannan na ɗauko shi da rediyonsa da jajayen baturansa zuwa gidanmu. Mai shagon layinmu ma na je na ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka raba mu, ya sa na sayi shayin kowa.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma daga baya an yi masa aiki a ɗaya ya samu sauƙi. Amma wannan sai bayan watanni. Abin da Kawu ya fara nema a daren farko a Hindawiyya shi ne in wanko masa hoton a takarda, babba. Na ce wanne, na biyu? Ya ce na uku.

Washegari na riƙe hannunsa muka je sallar la'asar a masallacin unguwa. Da aka idar, kafin mutane su watse, ya miƙe ya zaro takardar daga aljihun rigarsa. Waɗanda hirarsu take canjawa in na shigo duk suna nan.

"Jama'a, ku ɗan dakata," in ji shi. "Kun ji labarina, to ga ƙarshensa. Ga mai ɗaukar awakin nan, ga kuma ni a zaune tana wucewa ta gabana. Ku duba da kyau, ku da kuke gani. Duk wanda zai aika labari gida, ya ce makaho ne. Kada ya ce ɓarawo."

Ya ɗaga hoton sama yana juyawa dama da hagu don kowa ya samu gani. A juye ya riƙe shi, ƙafafun karyar suna sama. Na miƙa hannu na gyara masa, ya ci gaba da nunawa.